Inna ta ji ni, ni ban ji ta ba

Ina shagona a Sabo, can kudu, Yaya Hadiza ta kira ni ta intanet daga asibitin Kano, ta kara wa Inna wayar a kunne.

"Inna, kina ji na?" Shiru. Na ɗauka ta kasa magana ne, na nemi gafararta na kashe. Da la'asar ta rasu.

Bayan na dawo daga zaman makoki, intanet ɗin shago ya yi ta ba ni matsala, na kira mai gyara, ya nuna mini siririyar wayar gilashin intanet ɗina, ta lanƙwashe bayan ƙofa.

Ya ce, "Oga, haske ke kai saƙo ya kawo a cikinta. Naka yana fita, nasu ne ba ya isowa."

Na kira Yaya. Ta ce, "Ai sau uku Inna ta amsa, tana kiran sunanka."

Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.