Jar Fitilar Motar Mu'azu

Mu'azu taubashina ne, ɗan kawuna na Bungudu, don haka ina da izinin faɗin komai a kansa. An haife shi da kunnuwan da sai an naɗe su kafin a sa masa hula. Makaranta ba ta karɓe shi ba, ni ma ba ta karɓe ni ba, amma ni na fi shi daɗewa a bakin ƙofarta. Ya fara da ɗora kaya a tashar Gusau, ya zama yaron mota, daga baya ya sayar da gonar gadonsa ya sayi wata tsohuwar mota da nake zargin ta girmi kakarmu. Da ita yake jigilar fasinja tsakanin Gusau da Tsafe, da ita yake ciyar da matarsa Saude da yara. Ba shi da komai bayanta.

Tun ranar da ya saye ta akwai wata fitila ruwan ɗorawa da ke ci a gaban sitiyari. Mu'azu ya ce ado ne. Bakanikensa Baba Elisha, wani dattijo mutumin Kafanchan da ya tsufa a Gusau, ya sha zaunar da shi.

"Ɗana, mai ruwan ɗorawa cewa take ka kawo mota a duba. Ja kuwa, ko ta zafin inji ko ta baƙin mai, ka gangara gefe ka kashe mota nan take."

"Baba, in na biye wa hitilun ga, yaushe za ni yi lodi?"

Ya samo baƙin salatif ya liƙe ruwan ɗorawar, ya ce ta cika surutu.

Ran nan na bi shi kasuwar Tsafe, kyauta mana, wa zai karɓi kuɗin mota a hannun taubashi? Bayan la'asar muka juyo, mota cike da mata da buhunan gero. Baba Elisha ma ya je gyaran wata mota can, ya zauna a gaba kusa da ni. Duk mai bin hanyar nan ya san wurin da hira ke mutuwa da kanta: gonaki an bar dawa a tsaye ba mai girbi, ƙauyuka ba hayaƙi, ba akuya ko ɗaya. 'Yan bindiga ke fitowa daga dajin su kwashi mutane. Ko fitsari ya matse ka, sai ka riƙe abinka.

Muna shiga wurin Mu'azu ya faɗa wani rami da zai iya haɗiye raƙumi. Ƙasan motar ya daki dutse. Ba mu yi nisa ba wata jar fitila mai siffar butar shayi ta kama.

"Direba, shayinka ya nuna," na ce.

Ba wanda ya yi dariya. Baba Elisha ya leƙa ta taga, ya ga baƙin layi yana bin mu a kan kwalta.

"Baƙin mai ne ke zuba," ya ce a hankali. "In ka ci gaba injin zai buga."

Mu'azu ya ɗaga ƙafa daga totur, ya fara gangarawa gefe. A rayuwarsa yau ce rana ta farko da zai ji magana. Sai wata fasinja a baya, Inna Asiya mai sayar da daddawa, ta dafa kafaɗarsa ta nuna daji. Can cikin itatuwa babura ne jere, kowane da goyon mutum biyu, suna tafiya daidai da mu.

"Baba, mi za ni yi?" Muryar Mu'azu kamar ba tasa ba. "Gonar ubana ce wagga mota."

"Taka."

"Kai kac ce in ta yi ja..."

"Na ce ka taka, ɗana! Inji ana sayen wani."

Ya taka. Injin ya fara ƙara kamar ana daka ƙarfe a turmi, ƙauri ya cika motar. Matan baya na salati, Baba Elisha na kiran Yesu, ni kuwa na haɗa addu'ar cin abinci da ta shiga bayi duk na karanta. Mu'azu kuwa hawaye kawai ke sauka a gemunsa, yana jin motarsa tana cin kanta. Da muka hango buhunan yashi na shingen sojoji, injin ya yi wata irin shaƙuwa ya ɗauke. Muka fito muka tura, har da Inna Asiya, zani a ɗaure a ƙugu. Ba wanda ya waiwaya.

Washegari aka ji a tasha cewa wata mota da ta biyo bayanmu ta tsaya canza taya a wurin. An same ta ƙofofi a buɗe, takalma a warwatse a kan titi.

Baba Elisha ya buɗe injin Mu'azu, ya duba, ya mayar da murfin, ya ce wannan ya wuce gyara. Yanzu taubashina ya koma ɗora kaya a tashar Gusau. Kowace safiya shi ke ɗaure buhuna a motocin Tsafe, ya rufe wa fasinja ƙofa, ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana.