Asama'u da Ramin Gindin Rumbu

Asama'u matar Dabo ce, a wani ƙauye gabas da Shanono. Kaɗin auduga take yi, kuma an san ta da tsabta har ana tsokanarta.

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, wanta Nababa ya kawo mata zomaye biyu daga Kano, mace da namiji. Macen ta saba da ita, har a tafin hannunta take cin dusa.

Ana cikin haka zomanyar ta canza hali. Ta kori namijin, ta ciji Asama'u a yatsa, ta riƙa tsige gashin ƙirjinta tana kwasar ciyawa a baki. Sannan ta haƙa rami a gindin rumbun gero.

Dabo ya ce, "Wannan abar za ta kayar mana da rumbu."

Asama'u na jin haushin cizon. Ta jira zomanyar ta fito kiwo, ta kwaɓa laka da tsakuwa ta toshe ramin, ta ɗora dutse.

Zomanyar ta ƙi cin komai. Kullum tana wurin tana tono har faratanta suka yi jini, Asama'u na korarta da tsintsiya.

Inna Larai ungozoma ta shigo karɓar zare, ta ga abin. Ta kama zomanyar ta shafa cikinta, sai ga nono a yatsunta.

Ta ce, "'Yar nan, ai mai jego ce. Ciki ke juya jinin mace, mutum ko dabba. Ke da cikin fari wa kika bari ya zauna lafiya? Ina ta haihu?"

Asama'u ta ruga gindin rumbun. Ta ɗauko fartanya ta fasa lakar. 'Ya'yan na kwance cikin gashin uwarsu, tsirara, sun yi sanyi, babu mai rai.

Dabo ya ce, "Ni na sa ki."

Ta ce, "Malam, kai magana ka yi. Hannuna ne ya kwaɓa."

Nonon zomanyar ya ƙafe, ta koma cin dusa, ba a daɗe ba ta sake ɗaukar ciki. Asama'u ce abin bai saki ba. Ta gina wa zomayen ɗaki bayan madafa, ta kiwata su har tsufanta, tana ba maƙwabta kyauta. Bayan ta rasu, jikokinta suka ce ba su taɓa ganin ta ci naman zomo ba.