'Yar Bindigar Maciji

A aljihun rigar maigidana na same ta, ranar da na tara kayansa za ni wanke. Na ji abu mai nauyi, na ɗauka kwaɗon ƙofa ne. Da na warware tsumman da aka naɗe ta a ciki sai ga 'yar bindiga, ba ta wuce tafin hannuna ba, da baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Sai ka ce abin wasan yara, amma sanyin ƙarfen ya gaya mini ba ta wasa ba ce.

A lokacin muna zaune a ƙauyenmu, can cikin daji tsakanin Turba da Bafarawa. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana kai albasa da tattasai Nijar, ya dawo da dabino da taliya. Shekarun nan ne da ɓarayin daji suka hana mu sakat. Suna tare hanya, suna kwashe mutane, kuma kowa ya san ba su zuwa sai wani na gida ya nuna musu ƙofa. Infoma ake ce wa irin wannan mutum. Wanda aka liƙa wa sunan, ba kullum yake samun damar kare kansa ba. Ga shi an tare abokan tafiyar maigidana ba sau ɗaya ba, shi kuwa kullum sai ya wuce lafiya. Na sha jin mata a bakin rijiya suna cewa, "Shi dai mai sa'a na," da wata irin murya da ba ta yabo ba.

Da ya shigo na miƙa masa ita a tsummanta. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya yi maza ya karɓe.

"Malam, wagga mi ta?" na tambaye shi.

"Bindigar maciji ta," in ji shi. "Maraɗi nis sayo ta. Duba harsashinta."

Ya ciro ɗaya ya girgiza mini kusa da kunne. Cikinsa akwai 'yan ƙananan ƙarafa kamar tsabar gero. Ya ce wanda ya sayar masa ya ce in ka harba sai su watsu, ba yadda za a yi maciji ya tsira.

"To in ta maciji ta, mi as sa ka ɓoye ta?"

"Ke ba ki san garin ga ba?"

Na san garin. Na kuma san tsoron maciji da yake yi ba ƙarya ba ne. Ƙanensa kububuwa ta sara a gona, ranar da ɓarayi suka rufe hanyar Isa, aka kasa kai shi asibiti. A hannun maigidana ya cika, jini na fita daga dasashinsa. Tun daga nan ko igiya ya gani a yashe sai ya ja da baya. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na fara lura da abubuwan da da ba su dame ni ba. In wayarsa ta yi ƙara sai ya zaga bayan rumbu ya yi magana ƙasa-ƙasa. In na tambaya ya ce direba ne ke gaya masa hanyar da ke da lafiya. Shi direban kuma wa ke gaya masa? Wannan tambayar ban iya fitar da ita daga bakina ba.

Na kasa riƙe abin ni kaɗai, sai na je gidanmu. Babana tsohon manomi ne, a samartakarsa ya yi farauta. Na same shi yana gyaran ƙotar gatari. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce wai na ji ana sayar da wata ƙaramar bindiga ta kashe maciji, ko tana da amfani.

Ya yi dariya. "Ɗiyata, macijin da kig gani ba shi ka cizon ki ba. Wanda ka cizon mutum, sai ya ji zahi ƙahwa kana shi san da shi. To sannan bindiga mi za ta yi miki? In ko kin gane shi, ki ja baya, ko ki ɗauki sanda. Sanda ta hi hannu tsawo, kuma ba ta ƙarewa da harsashi."

Sai ya ajiye gatarin, dariyar ta ɗauke. "Wa ad da ita?"

"Ba kowa, Baba. Zance na nij ji."

Ya daɗe yana kallona. Na fito ina da-na-sanin zuwa, don na ga abin da ke cikina ya koma cikinsa.

Kaka ta yi, aka shiga roron wake. A shekarun nan ba mai zuwa gona shi kaɗai. Mukan fita da hantsi, maza da mata, gona kusa da gona, kowa kunnensa na wajen daji. 'Yan sa-kai, wato samarin garin da suka ɗauki nauyin tsaro, suna zaune a ƙarƙashin tsamiya a bakin gari da baburansu.

Ranar da abin ya faru ina duƙe ina roro, maigidana yana tattara harawa a gefena. Ya ɗaga wani tuli ke nan sai gamsheƙa ta miƙe, ta fasa kai. Ni na gan ta da idona, baƙa wuluk, tana sheƙi. Ya yi tsalle baya. Da nan abin ya tsaya da shi ke nan, don ita ma hanyar gudu take nema. Amma sai na ga yana laluben aljihu. Tsumma ya harɗe masa, da ƙyar ya ɗana ta. Kuma da yake an ce masa sai an matsa kusa take ci, shi da ke gudun igiya sai ga shi yana matsawa wajen gamsheƙa.

Na ce, "Malam, bari! Kar ka yi!"

Ya harba. Ƙasa ta yi tsalle can gefe. Ya sake ɗanawa ya harba, macijiyar ta murɗe, ta sulale cikin ciyawa ta ɓace. 'Yar abar nan da ba ta cika hannu ba, ƙararta ta cika dajin.

Ba wanda ya tsaya tambaya. Gonakin da ke kewaye da mu suka tarwatse, ana ihu, "Ga su nan! Sun zo!" Mata suka zubar da ƙorai, masu goyo suna faɗuwa suna tashi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta faɗa kwazazzabo ta karye a ƙafa. Mu biyu kaɗai muka rage a tsaye, kuma wannan tsayuwar ita 'yan sa-kai suka tarar da suka iso: kowa ya gudu, ban da ɗan kasuwar nan mai sa'a, da bindiga a hannu.

Babbansu ya sauka daga babur, ya karɓe ta, ya juya ta a hannu. "Wa kak kira da ita?"

"Maciji nih harba, wallahi."

"Ina macijin?"

Muka duba, babu. Ba jini, ba komai, sai harawa a watse. Wani ya ce harbi biyu a jere ai alama ce, haka ake gaya wa na daji cewa mutane sun fito. Kafin in ankara sun ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar babur, sun ƙwace wayarsa. Mutanen da suka gudu sun fara dawowa, suna tsaye nesa-nesa. Ba wanda ya ce a sake shi.

Babban ya juyo gare ni. "Ke matatai, ji tsoron Allah. Kin ga maciji?"

Ni da na yi watanni ina zarginsa a zuci, yau ni ce shaidarsa kaɗai. Na ce na gani, gamsheƙa ce, ta nan ta bi. Ya ce ai dole in faɗi haka. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Abin da na gani na rantse a kai, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don sauran ban sani ba.

Ana cikin haka babana ya ratso mutane da sandarsa. Bai kalli surukinsa ba. Ya tambaye ni inda ta nufa, ya duƙa yana bin rairayi a hankali har bakin wani tsohon suri a kan iyakar gona. Ya ce a kawo masa busasshen kara da wuta. Na fahimci ba don ya ceci kowa yake yi ba, shi ma so yake ya sani. Aka tura hayaƙi cikin ramin, muna tsaye rana na dukanmu, har wasu suka fara cewa ɓata lokaci ne. Can sai ga ta ta fito ta wani ramin a guje. Sanda ɗaya wani ya sauke mata a baya, ya ƙara mata a ka. Da aka miƙe ta a ƙasa, sai ga ɗan rauni kusa da wutsiya, ƙwayar ƙarfe ɗaya ko biyu a ƙarƙashin fata. Iyakar abin da bindigar ta yi mata ke nan.

Suka kwance shi. A gaban maigari aka yanke cewa bindigar ba za ta koma hannunsa ba, kuma ɗorin tsohuwar nan da abincinta suna wuyansa har ta taka. Ya amsa, ya yi godiya. Ni na riƙa kai mata tuwo, tana karɓa ba ta kallon fuskata.

Na zaci maganar ta mutu, ashe ba ta mutu ba. Wasu suka ce ai dajin cike yake da macizai, in ka hura wa kowane suri hayaƙi sai wani ya fito. In maigidana ya isa majalisa sai hira ta koma ta farashin taki. Duk ranar da aka tare hanya, sai in ga ana leƙen ƙofarmu a ga ko yana gida. Ya daina zuwa Nijar don kansa, bai kuma sake zagawa bayan rumbu ba. Da rani ya yi muka kwashe kayanmu muka koma cikin Isa, ya kama ɗan shago yana sayar da kayan masarufi. Gonar muka bar wa babana. Shi ya raka mu har bakin mota, ya yi wa surukinsa addu'a, amma bai ba shi hannu ba.

Wata rana da la'asar na kai wa maigidana abinci shago, sai ga ɗaya daga cikin samarin da suka ɗaure shi. Ya gaishe mu da fara'a, ya sayi sabulu, ya yi ta jan hira. Da zai tafi sai ya sunkuyo ya rage murya. Ya ce 'yar bindigar nan yanzu tana wurinsa, macizai sun dame shi a gona, ko Malam zai gaya masa wurin wa ake samun harsashinta a Maraɗi.

Maigidana ya ce, "Na mance wurin."

"Ko lambar mutumin?"

"Ba ni da ita."

Saurayin ya yi murmushi, ya ce ba komai, ya hau babur ɗinsa. Muka bi shi da kallo har ya sha kwana. Na ce wa maigidana ko dai aiko saurayin aka yi a gwada shi. Ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan. Bai ci abincin ba, ya rufe shagon tun kafin magariba, muka koma gida tare.