Rediyon Kaka

A gidanmu na unguwar Briqueterie, in an sallame magariba ana ruwa, ba mai fita. Kaka takan jawo kurfoti bakin ƙofa ta ɗora masara, mu jikoki mu zagaye ta. Takan yi mana tatsuniya kullum ban da Juma'a. Ranar nan rediyo take kunnawa, domin ana yaƙi a Najeriya, autanta Baffa Ilu kuma soja ne. A shirin Juma'a akan sa muryoyin sojoji suna gaida iyayensu. Wata takwas tana jira ba ta ji tasa ba.

Wata Laraba rediyon ya ɗauke. In an girgiza shi sai a ji wani abu yana kaɗawa a ciki. Babanmu ya tafi fataucin shanu, ni kuwa shekarata goma sha ɗaya, ga rawar kai. Na ɗauko sukundireban keken ɗinkin Innarmu, mai faffaɗan baki. Sukurorin rediyon kuwa sabon yayi ne, kansu tsaga biyu ne a gicciye. Na ga bai zauna ba, amma na danna na murɗa. Ya zame. Na ƙara ƙarfi, na koma da tsinin wuƙa. Kafin la'asar na cinye kan duka huɗun, sun zama ramuka masu santsi. Na mayar da rediyon na rufe da ƙyallensa.

Da yamma Kaka ba ta dube ni ba. Ta juya masara ta ce, "Ga ta nan ta sake zuwa, ku ba ta wuri."

Kura ce ta tsinci akwatin ƙarfe cike da kilishi a shekarar yunwa, 'ya'yanta uku na kuka a rami. Kurciya ta ce mata, "Wannan ƙusa mai baki huɗu ce, maƙerin ƙetaren rafi yana da abin kwance ta." Kura ta ce rafi ya yi nisa, ita kuma tana da haƙora. Ta ciza, ta sa farce, ta sa dutse, har kan ƙusar ya shafe. Sannan ta ja akwatin zuwa maƙera. Maƙeri ya shafa ya ce, "Da jiya kika zo."

"Sai me, Kaka?" in ji ƙanwata Zulai.

"Sai ta zauna tana jin ƙamshi."

"'Ya'yan fa?"

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan. Ku ci masararku."

Na ajiye masarata ban ci ba.

Washegari muka kai rediyon gyara kasuwar Mokolo. Mai gyaran ya ɗaga shi ya duba, ya yi tsaki. "Hajiya, wa ya yi wannan aika-aika? Waya ɗaya ce ta cire, sank minit ne aikin, minti biyar kacal, da turnebis, wato sukundireban da ya dace. Yanzu sai an huda. Ki dawo lundi, Litinin ke nan." Kaka ta ce masa tsufa ne ya sa ta taɓa.

Ranar Asabar da safe wani tela daga unguwar Messa ya shigo da fara'arsa. "Hajiya, kin ji Ilu jiya? Har sau biyu ya kira sunanki, ya ce ki yafe masa!" Kaka ta sa shi ya maimaita, ta sake sa shi. Tana tambayarsa ko muryar ta nuna ya rame. Ina tsaye jikin bango, na rasa inda zan sa kaina.

Rediyon ya dawo Litinin yana magana tangaram. Baffa Ilu bai sake magana a ciki ba, bai kuma dawo ba.

Yau ina da sukundireba iri-iri a gida, 'ya'yana har dariya suke yi in na tsaya gwada baki kafin in murɗa. Na daɗe ina zaton tatsuniyar faɗa ce Kaka ta yi min. Sai da na girma na lura ba a kan kura ta tsaya ba, a kan 'ya'yan da ke rami ne, kuma da ta ce ba ta sani ba gaskiya ta faɗa. Ta rasu ban ce mata ni ne ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.