Rumfar da Aka Yi wa Sola

A gida mijina ba ya magana. Gaban uwarsa ko kallona ba ya yi, in ya ce "ruwa" na kawo, to hirar yini ta ƙare. Sai ya tafi su can tsibiri, tsakiyar tafkin Kainji, inda waya ba ta kamawa, sannan bakinsa ke buɗewa.

Wani tsohon ma'aikaci daga Yelwa, mai son harkar rediyo, shi ya kafa wa masuntanmu dogon ƙarfe bisa dutsen bayan gari. A gindinsa akwai akwati da batir da farantin sola. Ƙarfen ne ke ɗauko muryar masu su daga tsibiri ya sauko da ita cikin 'yar oba-obar da ke ɗakina. Bayan la'asar nakan bar bandar kifi in zauna kusa da ita.

"Uwar gida, an ci tuwo an manta da mu?"

"Wa zai tuna da mai kamun ƙananan karfasa? Kawo giwan ruwa a san da kai."

Duk tsibirin na ji, suna dariya. Ban damu ba. A ƙarfen nan na san mijina yana da ban dariya, bayan haihuwa huɗu.

Da bazara ta yi zafi, surukata Inna ta hau dutsen neman itace. Ta taɓa gilashin solar, ya ƙona mata hannu. Mu nan ba a barin abu mai daraja a rana, ko akuya ana yi mata inuwa. Ta sa aka kafa itace huɗu, aka rufa zana a kai, ba ta faɗa wa kowa ba. Alheri ta yi a ganinta.

Murya ta fara shaƙewa, daga baya ta ɗauke. Na yi kwanaki ina murɗa oba-oba, sai shuuu. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, amma ba sai da boko na san abin da ke cin rana ba ya ƙoshi a inuwa ba. Na hau dutsen, na ga rumfa, na yaye ta na jefar ƙasa. Ashe Inna na biye da ni.

"Ke ɗiyar nan, mi kika yi? Narkewa zai yi!"

"Inna, ranar ita ce tuwonsa. Kin hana shi ci, kin hana ni jin ɗanki."

Ta sunkuya ta naɗe zanarta. Ban taɓa faɗin haka gabanta ba.

Washegari murya ta dawo, amma ta abokin mijina ce. Ya ce mijina ya yi ta kira kullum, har ya gaji. Kifi ya yi ƙasa, ya bi ayari zuwa wata tunga da ƙarfenmu ba ya kaiwa.

"Ya yi ta zuba kamar yana ganinki. Mu dai muka sha dariya."

"Mi ya ce?"

"Ai ba a maimaita irin wannan, matar aboki."

Mijina ya dawo da damina da zazzaɓi a jikinsa, ya koma shirunsa na gida. Na tambaye shi abin da ya faɗa a kwanakin nan, ya dubi ƙofar Inna, ya yi murmushi. Bai sake komawa ruwa ba, kafin kaka Allah Ya karɓi abinsa.

Abokan nasa suna nan, sun tsufa. In na haɗu da ɗayansu a kasuwar Wara nakan tare shi in sake tambaya. Har yau dariya kawai suke yi su wuce.