Warin Man Giya a Hanyar Gummi

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Anka, ni da Inna da ƙanena, shi ne a kan sitiyari. Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuya, raɓa ta jiƙa gilashin gaba. Saƙo ne ya zo daga wani ƙauye a bayan Gummi cewa Kawu, yayan Inna, ya kwanta rashin lafiya, kuma yana ta tambayar ta. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Motar haya tana kai mutum Gummi, amma daga can fadama ce, babur kaɗai ke ratsa ta a irin wannan lokaci, Inna kuwa gwiwoyinta sun daina yarda da babur. Shi ya sa muka tayar da tsohuwar jif ɗin marigayi Baba.

Motar nan ta girmi ƙanena. Baba malamin dabbobi ne, da ita ya zaga rugagen Fulani yana yi wa shanu allura, da ya ajiye aiki kuma ya saye ta a gwanjo. Tun rasuwarsa tana gindin darbejiya, sai jefi-jefi ake fita da ita. Kafin tafiyar mun canza baƙin mai, mun sa batir, mun duba ruwa da iskar taya, muka ga kamar mun gama. Ashe a ƙarƙashinta akwai wasu masu shan nasu man daban: giyabos, da akwatin ogzilari mai raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, da aksil na gaba da na baya masu juya tayoyin. Ƙasar wurin da motar take tsayawa ta daɗe da yin baƙi, har idonmu ya saba.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Kwaltar ta ci ramuka, amma jif ba ta san rami ba, mu na ciki ne muka sani. Babura suna ta wuce mu da buhunan dutse daga wajen masu haƙar zinari, kowane direba fuska fari fat da ƙura. Ina yaro, a wannan hanya jakuna da amalanke muke kauce wa, Baba yana ɗaga wa kowa hannu kamar duk ƙasar danginsa ne.

Rana ta ɗan ɗaga sai wani siririn kuka ya taso daga bayan motar, kamar sauro a kunne. In ƙanena ya taka mai ya ƙaru, in ya ɗaga ƙafa ya lafa. Kowa yana fatan ɗan'uwansa bai ji ba. Can sai wari ya shigo, mai kauri, kamar an ƙona tafarnuwa.

"Ku tsaya," in ji Inna. "Wanga wari na san shi. Warin rigunan babanku ne. Duk ranar da ya shiga ƙarƙashin motar ga, sai na wanke riga har sabulu ya ƙare bai fita ba."

Muka tsaya gefen wata gonar dawa. Ƙofar baya duk ta yi ɗigo-ɗigon mai, ƙura ta manne a kai. Na durƙusa na leƙa: aksil na baya ya jiƙe sharkaf, mai yana ɗiga daga inda farfela, sandar ƙarfen da ke kawo masa ƙarfin injin, ta shiga cikinsa. Na kai hannu na janye da sauri, ya yi zafi kamar tukunya a kan murhu. Da lallami muka karkata zuwa Bukkuyum, muna tafiyar da mai keke zai iya yi mana sallama ya wuce.

Bukkuyum ta canza mini. Shaguna sun yi yawa, baƙin fuskoki sun yi yawa, ana jin Hausar ko'ina. Tun da zinari ya fito, hatta ƙosai ya ƙanƙance. Bakaniken da aka nuna mana dattijo ne mai furfura a gemu, ya ce yanzu injinan niƙa da babura ne abincinsa, rabonsa da irin motarmu ya daɗe. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya kwance notin da ake zuba mai, ya zura yatsa. Ya kamata mai ya kai bakin ramin, amma yatsan ya fito a bushe. Ɗan abin da ya rage a ƙasa ya tsiyaye shi a gwangwani, baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe.

"Malam, ga naku zinarin nan," ya ce da ni. "Haƙoran aksil ne sunka fara cin junansu."

Robar da ke tare man, wadda suke kira oyil sil, ta bushe ta tsage. Sannan ya nuna mana wata 'yar kafa a saman aksil ɗin, wadda iska ke fita in ya yi zafi. Zanzaro ya yi gini a ciki ya toshe ta, shi ya sa zafi ya tura man waje ta wurin robar. Ya tsokale ginin da waya. Roba irin tamu kuwa babu ita a garin, sai dai a aika Gusau, gobe ko jibi.

Ƙanena ya ce a jira, in aksil ya ci kansa a tsakiyar daji mun rasa mota mun rasa tafiya. Gaskiyarsa ce. Inna tana zaune a benci ana dama mata fura, tana hira da mai furar, wata mata daga wajen Yargalma, suna jajanta yaran da gubar dalmar dutsen zinari ta ɗauke a can. Da ta ji batun jira sai ta ajiye ludayi.

"Ni ban da jibi a hannuna, shi ma Yaya bai da ita. In ta mutu a hanya ku aza ni bisa jaki."

Bakaniken ya cika aksil da sabon man giya ta hanyar gora da guntun tiyo, ya duba sauran wuraren ya ƙara wa kowanne, ya ba mu ragowar galan da sifana. Ya ce kada mu yi gudu, mu riƙa tsayawa muna zura yatsa.

Haka muka yi. Duk inda muka ga inuwa mai kyau sai in shimfiɗa tabarma in shige, in ƙara mai, in fito da hannu baƙi. Kukan ya ragu, bai daina ba. A Gummi muka sayi soyayyen kifi da alewa don yaran gidan Kawu. Shinkafa ta yi shar a fadama har iyakar gani, iskar gulbi tana kaɗa ta. Inna ta riƙa nuna mana wurare: nan suke wanki suna 'yan mata, can wata ƙatuwar kanya take a da, yanzu babu ita. Ƙanena ya sa ogzilari, motar ta shiga laka tana gurnani, ruwa ya kai rabin taya, ta yi layi, ta kama ƙasa, ta fita.

Bayan la'asar muka isa. Kawu yana kwance a zaure, ya rame, idanunsa sun daɗe da rufewa. Kafin a kashe injin muka jiyo muryarsa.

"Wa nika ji haka? Malamin dabbobi ne ya zo?"

Inna ta shiga ta zauna kusa da kansa ta kama hannunsa.

"Ni ce, Yaya. Malam ya riga mu. Motarshi ce ta kawo ni."

Ya ce, "Na sani. Kunne ne bai sani ba." Daga nan suka shiga hirar mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, har ya sha kunu, abin da aka ce ya kwana biyu bai yi ba.

Da za mu juyo na kwance notin aksil, sai na ga man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwan fadama ya shiga ta tsagaggiyar robar. A Gummi muka tsiyaye shi duka muka zuba sabo, muka lallaɓo gida da buhun shinkafar da Kawu ya rantse sai mun ɗauka.

Abin da na koyo ba mai yawa ba ne. Tsohuwar mota ba baƙin mai kaɗai take sha ba, kuma ɗigon da aka raina a ƙasa wani wuri ne yake bushewa a sama. Tsoho kuma in ya ce a zo, ranar ake zuwa.

Da muka tsaya a ƙofar gida, ƙanena ya kashe mota, muka sauke kaya, na zagaya na buɗe wa Inna ƙofa. Ba ta motsa ba. Hannunta yana kan kujerar direba, inda fatar ta goge ta yi santsi.

"Ku shiga," ta ce. "Ku bar ni nan kaɗan."