Gajeren Kilt na Wattie Gunn

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Lairg zuwa Tongue da sassafe a watan Janairu ya isa lafiya, to ya ci albarkacin Torquil MacLeod, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar ƙaramar hukuma mai watsa gishiri a kan titi, don kada santsin ƙanƙara ya kwashi mutane. Dogo ne, irin waɗanda sai sun sunkuya suke shiga ƙofar coci, ga shi magana ba ta dame shi ba. Matarsa Effie takan ce in ka ji Torquil ya yi dogon zance, to ko dai an taɓa masa kare, ko an taɓa masa Wattie.

Wattie Gunn ba shi ya haife shi ba. Wanda ya haife shi ya hau jirgin ruwa zuwa Kanada tun Torquil yana wata bakwai, ya ce zai aiko a ɗauke su, daga nan shiru kake ji. Wattie, wani gajeren makiyayin tumaki mai faɗin kafaɗa, shi ya auri uwar, ya riƙe agola riƙon da ko ɗan cikinsa sai haka. Shi ya koya masa sausayar tumaki da tuƙi, shi ya tsaya masa ranar aure. Bai taɓa ce masa ya sauya suna ba. Da ya rasu, abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: sanda, agogo, da kilt ɗinsa, wato zanen gargajiyar da mazan ƙasar ke ɗaurawa a ƙugu, kore da shuɗi mai siririn jan layi, saƙar dangin Gunn. Shekara goma sha tara kilt ɗin yana naɗe cikin akwati a ƙarƙashin gado.

Torquil yana da shekara sittin da huɗu, ya ajiye aiki ke nan, sai ga wasiƙa daga wani Everett MacLeod na Kanada. Ubansu ɗaya, in ji shi, kuma ga takardu. Zai zo a watan Mayu, har ya kama musu tebur a wani babban gidan abinci da ke bakin kogi a Inverness, irin wanda ake jera wa mutum cokula masu yatsu har uku. A ƙarshe ya rubuta: "Zan tanadi kilt na danginmu. Kai ma ka sa naka, mu zauna kamar 'ya'yan gida ɗaya."

Torquil bai ƙullaci Everett ba. Bawan Allah ba shi ya kashe zomon ba, ko ratayar ma ba a ba shi ba. Yana ma son ganinsa. Amma a nan, saƙar da namiji ya ɗaura ita ke faɗin ɗan wa ne shi tun kafin ya buɗe baki. In ya sa ta MacLeod ya zauna a gaban jama'a, ya ce ke nan Wattie ɗan riƙon ƙwarya ne. Wannan kuwa ko za a yanka shi ba zai yi ba. Ya jawo akwatin, ya ɗaura kilt ɗin, ya fito falo.

Effie ta ɗago kai daga saƙar da take yi, ta dube shi daga sama har ƙasa, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Torquil, ka ji tsoron Allah! Wannan ai siket ɗin 'yan makaranta ne."

"Za a gyara."

"A gyara me? Wattie a hammatarka yake tsayawa. Dubi cinya a waje, fara fat kamar ta kazar da aka fige. Da wannan za ka shiga cikin masu kuɗi?"

"Da shi."

Ta san wannan muryar. Ita ce muryar da yake cewa hanya za ta buɗe kafin ƙarfe bakwai, ko da ƙanƙara ta kai ƙugu. Ta share hawayenta ta ce ya tafi Dingwall wajen Ishbel Rennie, in ita ta kasa to a haƙura.

Ishbel ta shekara arba'in tana ɗinka kilt da hannu, kuma bakinta ya fi allurarta kaifi. Ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta bi ninkin baya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta yaba ɗinkin, ta zagi asun da ya yi masa huda biyar. Sannan ta sa Torquil ya ɗaura, ta ce ya durƙusa. Haka ake awon tsayi: mutum ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, bakin kilt ya taɓa ƙasa. Torquil ya durƙusa, gwiwoyi suna ƙara. Tsakanin bakin zanen da ƙasa akwai yatsu huɗu cur.

"Tashi, kada ka karye mini a shago," in ji ta. "Ba zai yiwu ba."

"Ki warware kalmasar ƙasa mana."

"Ji mutum! Wando ka ɗauke shi? Ka taɓa ganin kilt da kalmasa? Bakin nan da kake gani bakin saƙa ne, yadda ya fito daga masaƙa. Babu abin da aka ɓoye a ciki. In na yi masa ƙari kuwa, ko makaho ya shafa zai gane."

Ta shiga ciki ta fito da wani rataye a hannu, ruwan ɗorawa da baƙi, yana ɗaukar ido. "Ga na gidanku, na haya. MacLeod kake, ko ba haka ba? Daidai tsayinka. Ka sa ka ci abincinka, ka dawo mini da shi ran Litinin."

"Kayan aro ba ya rufe katara," in ji Torquil.

"Naka na gadon ma ai bai rufe ba."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya riƙe da hularsa, ya gaya mata ko wane ne mai kilt ɗin da wanda zai je gani, a taƙaice, yana kallon tebur. Ishbel ta mayar da na hayar inda ta ɗauko, ta sa tabarau, ta juya tsohon kilt ɗin ta soma tsinke ɗinkin ƙugu. Can ta yi tsaki irin na jin daɗi. Wanda ya ɗinka shi tun farko bai yanke rarar sama ba, ya dai lanƙwasa ta ciki. Yatsu biyu.

"Biyu na samo maka. Sauran biyun sai dabara, kuma sai ka bi abin da na ce."

Daga nan aka shiga zaɓen kaya, aka kuma shiga rigima. Torquil ya sa ido a kan gajeriyar baƙar kwat mai maɓallan azurfa, wadda ake sawa in za a fita cin abincin yamma. Ishbel ta ce ko kusa. Dole ya sassauto kilt ɗin ƙasa da inda aka saba ɗaura shi, gajeriyar kwat kuwa za ta tona asiri, a ga farar riga ta leƙo a tsakani. Ta ba shi mai ɗan tsayi, da falmaran mai maɓalli biyar da zai rufe wurin. Ya zaɓi farar safa, ta fizge ta ce wannan ta masu busa ce a wurin biki, ta miƙa masa kore mai duhu wadda za a ɗan ja sama. Jakar da ake ratayawa a gaban kilt ma sai da aka yi. Ta Wattie ta fata ce zalla, ta yawon rana, ta ce da yamma sai mai gashi da bakin azurfa. A kwat da safa da jaka duk ya bi ta ba musu mai tsawo, don ba su ne suka kawo shi ba.

Sau uku yana tuƙa mil arba'in zuwa Dingwall gwaji. Ishbel ta zare zare daga cikin ninkin da ba a gani ta toshe hudar asu, ta matsar da maɗaurai. A gida kuma Effie ta sa shi koyon zama: ka share ninkin baya da hannu biyu, ka zauna, ka danna gaba tsakanin gwiwoyi. Kullum bayan shayi sai ya yi sau goma a kujerar kicin, kare yana kallonsa.

Ranar gwaji na ƙarshe ya sake durƙusawa. Saura yatsa ɗaya da ɗan wani abu.

"Iyakar ƙoƙarina ke nan," in ji Ishbel. "Wanda ya san kilt zai gani."

"Ya gani."

Ran Asabar da ƙarfe bakwai na yamma, rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba, Torquil da Effie suka shiga gidan abincin. Wani mutum ya miƙe daga teburin da ke jikin taga, dogo, mai irin haɓarsa da irin kunnuwansa sak, sanye da ruwan ɗorawa da baƙi sabo fil. Suka yi musabaha, suka daɗe ba su saki hannu ba. Sannan idon Everett ya sauka ƙasa.

"Yaya, wannan ai ba namu ba ne. Ko an yi maka kuskure a shago?"

"Ba a yi ba. Na Gunn ne. Na babana ne."

Mai hidima da ya zo ja musu kujeru ya tsaya cak. Everett ya dubi koren zanen, ya dubi gwiwoyin da suka ɗan fito fiye da ƙa'ida.

"Ya yi maka gajarta."

"Gajere ne mutumin."

Torquil ya share ninkin baya da hannu biyu ya zauna. Ya riga ya shirya wa komai, har da a ce an fasa cin abincin. Everett ya zauna shi ma, ya daɗe yana juya cokali a kan farin ƙyallen tebur.

"Shekara nawa ya riƙe ka?"

"Arba'in da uku. Har ya rasu."

"Ni tara na samu da wanda ya haife mu," in ji Everett a hankali. "Ina aji huɗu ya tafi neman aiki yamma, ya ce zai aiko a ɗauke mu." Ya ja gefen sabon kilt ɗinsa ya saki. "Wannan a kanti na saya shekaranjiya. Na zo ne ina zaton kai ka san wani abu game da shi da zan riƙe."

Tausayi ya kama Torquil har ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara sittin yana zaton can ƙetaren teku akwai yaron da ya samu abin da shi ya rasa, ashe shi kansa ne mai rabon.

"Ban san komai a kansa ba," ya ce. "Amma in kana so, sai in ba ka labarin Wattie."

"Ina so."

Aka kawo miyar kifi, ta huce a gabansu. Torquil ya fara daga shekarar da ƙanƙara ta binne tumaki sittin, shi da Wattie suka yi kwana uku suna tono su da sanda da shebur. Mai hidima ya dawo sau biyu ya tarar bai kai ƙarshe ba.